Kwanon Mainasara

Mainasara mai gyaran rediyo ne a Dutsi, kuma shekara goma sha tara shi ke kiran salla a masallacin unguwarsu. Kafiya gare shi ta bugawa a jarida; in ya ce a'a, ko matarsa Haulatu ba ta sake tayar da zancen.

Da wayar hannu ta karya kasuwar rediyo, zaman banza ya ishe shi. Ya samo tsohon kwanon satalayit a Daura, ya kafa shi a tsakar gida, ya jona masa 'yar na'urar nan mai allura da ake saita tashoshi da ita. Ya taɓa karanta cewa rana ma tana watso sigina irin ta rediyo, ya ce sai ya ji da kunnensa. Ran da kwanon ya fuskanci rana daidai, allura ta zabura, na'urar ta kama tsuwa. Mainasara ya yi murna har da hawaye.

Bakinsa ne ya ja masa. Wani maƙwabci ya tambaye shi me yake yi, ya ce ilimin taurari. To, a wajen mutanenmu mai ilimin taurari shi ne mai duba, mai zaɓar wa mutum ranar tafiya. Kafin mako ya zagayo, wata tsohuwa ta taso tun daga garin Babban Mutum a duba mata inda ɓarayi suka kai tumakinta. Ya ba ta ruwa ya sallame ta, amma magana ta riga ta kai kunnen Liman Maharazu.

Liman ya kira shi, ya ce shi bai zarge shi da bokanci ba, amma jama'a na ƙorafi, ko ya sauke kwanon ko ya bar kiran salla.

"Allah gafarta Malam, ban tambayi rana labarin gobe ba," in ji Mainasara. "Halittar Allah ce, tana ƙara, ina saurare. In na sauke kwanon nan, na amsa sunan boka ke nan."

Ya zaro mukullin ɗakin lasifika ya ajiye. Alhali ba abin da yake so a duniya kamar kiran nan.

Da azahar ta yi, wata murya daban ta kira. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya yi alwala, ya ratsa masu zunɗensa ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a sahun farko, daidai bayan liman.