Inna Ba Ta Karɓar Gari

An kai ni Argungu amarya a shekarun da komai namu sai an je Sakkwato, tun ba a fara zancen jihar Kebbi ba. Ni 'yar Birnin Kebbi ce, na gama makarantar horon malamai ke nan, kuma a gidanmu an san bakina ba ya hutawa. A gidan miji kuwa kunya ta ɗaure shi. Uwar mijina, wadda kowa ke kira Inna, ita ma tana jin nauyina, don ɗanta na fari na aura. In na durƙusa na gaishe ta, sai ta amsa tana duban wani wuri. Iyakarmu ke nan.

Sana'arta gumi. Takan jiƙa shinkafa, ta turara a babbar tukunya, ta shanya bisa tabarmi kafin a kai inji. Wata rana da hantsi ina taya ta baza shinkafar, wata kaza ta dame mu. Inna ta kore ta da mafici, sannan ta dubi kazar ta ce:

"Ke mai wayon ci, gaya min. Wane abu na, in ya zo da hiffike manomi shi yi kuka, in ya zo babu ruwa shi yi kuka, amma ran salla shi sa shi ga jiki yana taƙama?"

Babu kowa a tsakar gidan sai ni da kazar, don haka na san da wa ake. Na wuni da tambayar nan, na kwana da ita. Sai da safe, ina shanya farar rigar mijina a igiya, abin ya faɗo mini. Na jira kazar ta zo kusa da tabarma, na ce mata, "Ki gaya wa mai tambaya, fari ne. Fari masu tashi, farin rashin ruwa, da farin tufafi."

Inna ta ja gyale ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. "Ashe ɗiyar Birni na da kai," ta ce. Daga ranar ta fara kirana haka, muka kuma samu hanyar magana.

Tambayoyinta ba irin kacici-kacicin da muka haddace muna yara ba ne. Da kanta take ƙirƙirarsu, hannunta yana aiki. Ta ɗauki kalma ɗaya ta dinga jujjuya ta kamar mai zaɓen albasa, har ta gano fuskokinta duka. Ita ta tambaye ni abin da ake yi da jirgi, ake yi da baki, ake kuma faɗa wa wanda ke cikin ɗaki. Wannan ta ba ni wuya, har na ce mata abin da ake cewa in an kasa: "Inna, na ba ki gari."

"Riƙe garinki," in ji ta. "Garuruwan da anka ba ni sun ishe ni. Wanda anka gaya wa amsa, an ƙwace mai rabonai."

Haka ta bar ni har ranar da muka je bakin gulbi, na ji wani yana kiran mai fito, ɗan kwale-kwalen kuma ya amsa masa da fito. Dariya ta kama ni a tsakiyar mutane.

Bayan haihuwata ta fari aka mayar da mijina aiki Birnin Kebbi. Muka kama haya wajen Badariya, lokacin gidaje ba su yi yawa ba. Wasan bai mutu ba. Akwai wata mata mai kawo bandar kifi kasuwa daga Argungu, ita ta zama 'yar aikenmu: ta zo da tambaya, ta koma da amsa.

Maƙwabciyata a gidan hayar Kirista ce daga can wajen Jos, tela ce, mijinta yana aikin ruwa. Tana son wasan cike gurbin kalmomi na jarida, kullum da fensir soke a gashinta. Da ta ji abin da muke yi, ta shigo ciki da ƙafa biyu. Wata rana ta ce, "Ni ma ki aika wa Mama tawa. Ana yanka shi ranar suna. In an juya shi, sai a zuba ruwa ciki a rataya."

Ni kaina ban gane ba, na dai aika.

Amsa ta dawo da kasuwa ta gaba: salka. A yanka dabbar suna, a juya fatar, a ɗinke, ta zama mazubin ruwa. Maƙwabciyata ta ajiye almakashi. "Wannan amsar ta fi tawa kyau," ta ce, "amma ba ita ba ce. Ko in faɗa?" Muka aika da hakan. Mai kifi ta dawo ta ce Inna ta ce duk wanda ya faɗa mata, babu ita babu shi.

Aka daɗe ba labari. Mai kifi ta ce tana ganin Inna bakin murhu tana motsa baki ita kaɗai, har jikokinta sun fara zolayarta. Na damu, ina tsoron kada tsohuwa ta ji an ƙure ta. Ashe ban gama saninta ba.

Wata ranar Asabar da azahar muka ji sallama. Inna ce da kanta, wadda ba ta son shiga mota, da ƙunshin gumi a kai, da wani sabon gora a hannu. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce a kai ta wurin mai ɗinki. Ta ajiye goran bisa keken ɗinkin.

"Ga ragonki na juyo miki," ta ce.

Maƙwabciyata ta miƙe ta rusuna. "Mama, yaya kika yi?"

"Suna anka yi maƙwabta. Yara na biye da ragon suna ta waƙa, rago-rago-rago-rago. Ina saurare sai nij ji gora na hitowa daga ciki. Ni duk zamana ma'ana nika juyawa, ban taɓa sanin ana juya kalmar kanta ba. Kin ba ni sabuwar gona, ɗiyata."

Ban taɓa ganin fuskarta da haske kamar na ranar ba. Mace mai jikoki, wadda unguwa guda ke shakkar tambayarta, an nuna mata abin da ba ta sani ba, ita kuma murna take kamar an ba ta kujerar Makka. Ba kuma hannu sake ta zo ba. A hanya ta riga ta haɗa nata. Ta zauna bisa tabarma, ta dubi maƙwabciyata ta ce, "Ana toya ta ga tanda, in kin juya ta sai kin ɗaga kai." Muka yi ta lalube kafin mu kai ga masa da sama. Ta ƙara da wanda ake zama cikinsa, in an juya a sa shi ga jiki. Wannan maƙwabciyata ta riga ni: gari da riga.

Kwana ɗaya ta ce za ta yi, sai ga shi ta zarce. Kowace safiya in an gama karyawa ta ɗauki jikanta ta koma gefen keken ɗinki, ɗaya na taka keke, ɗaya na jefo kalma. Har ranar Lahadi ta zauna jiran maƙwabciyata ta dawo daga coci, don ta samo wata tun da asuba kuma ta ƙi faɗa mini. Sai da ƙanen mijina ya zo takanas ya ce shinkafa ta nuna a fadama, masu yanka suna jiran ta, sannan ta ɗaure kayanta.

Mu biyu muka raka ta tasha. Da ta zauna cikin mota, maƙwabciyata ta miƙa mata wata rigar jariri da ta ɗinka wa jikar da ake jira a Argungu. Inna ta karɓa, ta sa albarka, ta ce mata in an gama aikin kaka ta zo Argungu ta ga gulbi. Ta kuwa je, da 'ya'yanta biyu, suka yi hutun makaranta a can.