Ƙanƙarar da Tjeerd Bai Hau Ba

Tjeerd Algra ɗan wani ƙauye ne a Friesland, inda in sanyi ya daskarar da ruwan magudanai kowa ke ajiye aikinsa, ya ɗaura takalmin zamiya, ya hau ƙanƙara. Shi kuwa tun yana saurayi ƙwallo ta ɗauke shi. Mai tsaron baya ne, kuma ƙungiyarsa ta hana 'yan wasanta hawa ƙanƙara, kada wani ya karye.

Duk shekarar da ruwa ya daskare, sai mahaifinsa Douwe ya bugo waya: "Kai, sarkin tsoro! Ƙanƙara ta yi kauri, zo mu zaga ƙauyuka ni da kai."

"Baba, ƙafar nan ba tawa ba ce, ta ƙungiya ce. Bari sai na daina buga ƙwallo."

Da gwiwar Tjeerd ta gaza sai ya zama koci, ya kuma kafa wa 'yan wasansa dokar nan da ya daɗe yana tsana. Tsohon ya sake kira, Tjeerd ya ce ai ba zai hana mutane abu shi ya aikata ba.

"To, mai doka," in ji Douwe, "na dai wasa maka ƙarfen takalmanka, suna nan rataye."

Yanzu Tjeerd ya ajiye aiki, ƙafarsa ta dawo tasa. Douwe ya rasu, sanyin ma ya daina daskarar da ruwa kamar da. Duk hunturu yakan ɗauki takalman, ya hau keke zuwa bakin magudana, ya tsaya yana kallon agwagi suna iyo abinsu.