Takardun da Ban Duba Ba: Ta'aziyyar Kawu Haliru Dogo

Da hantsin ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, ina tsaye gaban allo a makarantar da nake koyarwa a Tsafe, aka kira ni daga Gusau aka ce Kawuna, Malam Haliru Dogo, ya cika a asibiti bayan jinyar kwana tara. Mu duka na Allah ne, kuma wurinsa kowa zai koma. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa a Rawayya, garin da aka haife shi shekara saba'in da ɗaya da suka wuce.

Kawu, ba yabo kaɗai ya sa na ɗauki alƙalami ba. Akwai laifin da aka jingina maka shekara huɗu, ka amsa shi a bainar jama'a, ka shiga kabari da shi, alhali nawa ne. Zan zo kansa. Amma wanda bai san ka ba ba zai gane yadda abin ya faru ba, don haka bari in fara da kai.

Shekara talatin ka yi kana malamin dabbobi, yawancinsu a mayanka kana duba nama kafin a fitar da shi kasuwa. Ba ka tashi da ƙin leda ba. Sanuwar mahaifiyata, yayarka Halimatu Sadiya, ita ta jawo. Sanuwar tana cin abinci tana ramewa, ka yi mata allura har ka gaji, a ƙarshe aka yanka ta. Da aka farke tumbinta sai ga dunƙulen leda ya kai girman ƙwarya, baƙa da fara sun cuɗe sun yi tauri. Mahaifiyata ta yi kuka, don da nonon sanuwar nan ta raine mu. Ka wanke dunƙulen, ka shanya shi, ka ɗaure a bayan babur ɗinka. Tun daga ranar ka shiga yawo da shi kasuwa-kasuwa, Bungudu, Magami, Tsafe, kana nuna wa duk wanda ya tsaya, har aka laƙaba maka Dogo Mai Tumbi. Ba ka taɓa jin haushin sunan ba.

A wurinka abin zuba cefane hawa uku ne. Na sama shi ne sanho ko jakar da mutum zai zo da ita daga gida ya koma da ita. Na biyu takarda. Leda kuwa ko lissafa ta ba ka yi. Na sha yi maka musu, don ni mai son sauƙi ne. Na ce takarda tana yagewa in ta ji mai, ruwan sama yana jiƙa ta, jaka kuma mantawa ake da ita a gida, leda kuwa kyauta ake ba ka ita. Sai ka dube ni ta saman tabarau ka ce, "Mannir, in akuya ta ci takarda, kashi take yi da ita. In ta ci leda, ni ake kira." Daga nan musu ya ƙare.

Da ka yi ritaya sai ka mayar da abin aikinka. Kana tattara tsofaffin littattafan rubutu da takardun jarrabawa daga makarantu, kana raba wa masu sayar da kayan busasshe, barkono, daddawa, kanwa, bandar kifi, su riƙa ƙunsawa maimakon leda. Amma kana da doka ɗaya da ba ka ɗaga wa kowa: takarda ba ta shiga kasuwa sai ka dube ta gaba da baya. Kullum da safe kana zaure a gidanka na Gusau da almakashi. Wadda ba ta da komai ka tura gefe guda. Wadda ke da aya ko sunan Allah ka ware ta, ka ƙone, ka binne tokar. Ko sunan ɗalibi ne ya zama Muhammadu ko Abdullahi, sai ka yanke shi tukuna. Na sha yi maka dariya cewa mai tace labarai a gidan rediyo bai kai ka tsanani ba. Ni ne babban mai kawo maka takardun, duk ƙarshen zangon karatu.

A kasuwar Tsafe, wadda ta fara karɓar takardunka lokacin da kowa ke yi maka dariya ita ce Lidiya, matar Iliya kafinta. Kirista ce, mai sayar da bandar kifi, ta shekara goma sha biyu a rumfa ɗaya. Kana kiranta "ɗiyata", tana kiranka Baba.

Daminar 2021 na share ofishin malamai na haɗa babban ɗaurin takardu. Ya kamata in kai maka Gusau ƙarshen mako. Hanya ba ta da daɗi a lokacin, gaskiya ne, amma ba hanya ta hana ni ba, ƙyuya ce. Na bi ta rumfar Lidiya ta ce takardunta sun ƙare. Na ɗaga goma na sama, na ga lissafi ne, na miƙa mata ɗaurin duka na ce an duba. Ban san a ƙasa akwai takardun darasin addini na wani aji ba, tambayoyi da boko a gaba, a baya kuma yara sun rubuta sura da hannunsu.

Kwana biyu bayan haka ranar kasuwa ce, kai ma ka zo zagayenka. Bayan azahar wani mutumin Kucheri mai suna Labbo ya sayi kifi a wurinta, ya yi taku kaɗan ya buɗe ƙunshin don ya ɗanɗana, sai idonsa ya faɗa kan rubutun Larabci ya jiƙe da man kifi. Ba na zarginsa da firgitar da ya yi, ko ni ne zan firgita. Ya ɗaga takardar sama ya yi salati da ƙarfi. Ina wajen mai tumatir, bai fi taku ashirin ba. Kafin in juyo mutane sun cika layin. Wanda ya ga takardar da wanda bai gani ba, kowa na ihu. Na ji maganar tana canzawa daga baki zuwa baki, daga takarda ɗaya ta koma littafi, daga littafi ta koma da gangan ta yi. Wani ya hankaɗe teburinta, kifi da ɗaurin takardun suka watse a ƙasa. Na ga samari suna sunkuyawa suna tsintar duwatsu.

Lidiya ta ja baya har ta jingina da kwanon rumfa, babu wurin gudu. Aka yi ta tambayarta wa ya ba ta. Ta ɗago kai, idonta ya sauka a kaina. Na tabbata ta gan ni. Ba ta kira sunana ba, ni kuma ban buɗe baki ba. Abin da kawai nake tunawa shi ne aikina da matata da 'ya'yana. Na ji tsoro, Kawu, tsoro irin wanda ban san ina da shi ba.

Sai ga ka, kana ratsa mutane da tsawon nan naka. Ka tsaya tsakaninta da su, ka miƙa hannu biyu ka karɓi takardar daga Labbo, ka dube ta. Kallo ɗaya ka yi wa hatimin makarantar da ke samanta, ka san daga inda ta fito. Ba ka ko waiwayo inda nake ba.

"Ni nib ba ta takardun ga," ka ce. "Kowa nan ya san ni ka raba su. Ita ba ta karanta Larabci. Ni ad da laihi, ban duba ba. Wanda ke son jifa, ga ni."

Dutse ɗaya ya taso daga baya ya same ka a gira. Jini ya gangaro kan farar rigarka, ba ka taɓa wurin ba. Ƙasa ka nuna musu.

"Ku dubi ƙahwahunku! Ɗaya kunka gani kuka ihu, ga sauran nan kuna takawa da takalma. Ku ɗaga!"

Ka durƙusa cikin taɓo ka fara tsintar takardun ɗaya bayan ɗaya, kana share su da hannun riga. Babu ɗaya a cikinmu da ba a koya masa tun yana ƙarami ba cewa takarda mai rubutun Larabci ba a barinta a ƙasa. Labbo ne ya fara ja da baya ya sunkuya. Na kusa da shi ya bi. Wanda ke riƙe da dutse sai da ya ajiye shi kafin ya ɗauki takarda. Cikin ɗan lokaci rabin taron ya duƙa, kowa na juya takarda yana duba bayanta. A wannan tsakanin ne Maijidda mai fura ta cire mayafinta ta lulluɓe Lidiya, ta zame da ita ta bayan rumfuna. Ni ma na sunkuya na tsinci takardun, kamar ban taɓa ganinsu ba.

Lidiya ta tsira, kai ka biya. Dattawan kasuwa suka zauna suka ce kada ka sake kawo takarda. Labari ya riga ka isa Gusau. A masallacin unguwarku, inda kake jan salla in liman ba ya nan, aka daina matsa maka gaba. Ba wanda ya faɗa maka dalili, kai ma ba ka tambaya ba, sai ka koma ƙarshen sahu. Masu kifi da barkono suka koma leda gaba ɗaya, aikin shekara shida ya rushe a yini guda.

Na same ka a zaure bayan kwana uku, girarka da ɗinki. Na fara magana ka ɗaga hannu. Ka ce in yi shiru tukuna, don in maganar ta sake tashi kan Lidiya za ta koma, in bari sai ta bar garin. Bayan shekara ɗaya Iliya ya kwashe iyalinsa suka koma Gusau. Daga ranar ba ni da sauran uzuri. Shekara uku na ƙara ina zuwa gaishe ka, ina cin tuwon gidanka, ina kallon tabon nan, ina cewa sai wani zuwan. Ba ka taɓa tuna mini ba, ko da wasa.

Ba ka kuma daina yaƙinka ba. Ka sayi tsohon keken ɗinki, kana da shekara sittin da bakwai ka zauna koyon taka shi. Ka riƙa ɗinka jakunkuna da buhunan shinkafa da aka gama da su kana rabawa kyauta. Ɗinkin a karkace yake, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, Inna Shafa'atu matarka tana cewa ko makaho ya taɓa ya san aikinka ne. Amma ba sa yagewa. Ka ce mini da ma can jaka ce ta sama, takarda ta biyu ce, Allah ne Ya mayar da kai kan ta farko. Ka faɗa ne don ka sauƙaƙa mini, na sani.

Ranar da muka dawo daga maƙabarta, muna zaune a kan tabarma ƙofar gida, na ji wani dattijo a bayana yana cewa, "Mutumin kirki ne, Allah dai Ya yahe mai abin nan na takarda." Na kusa da shi ya ce amin. Da zuciya ɗaya suka faɗa, addu'a suke yi maka. Ni kuwa ji na yi kamar an zuba mini garwashi a riga. Har a ranar nan ban ce komai ba.

Ranar uku Lidiya ta zo Rawayya ita da Iliya. Na gan ta tana sauka daga mota, rataye da jakarka mai karkataccen hannu, ta cika ta da gero don sadaka. Ta shiga wurin mata ta daɗe. Da ta fito ta same ni a bakin ƙofa, ta yi mini gaisuwa yadda ya kamata. Sannan ta rage murya.

"Malam Mannir, da mu uku ne muka sani. Yanzu saura ni da kai."

Na tambaye ta ko ta yarda in rubuta, har da sunanta. Ta ce, "Rubuta. Baba bai ɓoye fuskarsa ba ranar nan."

To ga shi na rubuta. Jama'ar Tsafe, da mutanen unguwarsa a Gusau, da 'yan'uwa a Rawayya, ku shaida: Malam Haliru Dogo bai taɓa kai takarda kasuwa ba tare da ya duba ta ba, ko sau ɗaya. Ɗaurin nan ko ganinsa bai yi ba sai a ƙasa. Ni Mannir, ɗan yayarsa, ni na ba Lidiya, ni na ce mata an duba alhali ban duba ba, ni na tsaya taku ashirin ina kallo. Wanda ke da addu'ar neman yafiya kan abin takarda, ni zai yi wa.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Shafa'atu, da 'ya'yansa Mubarak da Bara'atu, da mahaifiyata wadda a nan za ta fara jin wannan magana. Ku yafe mini in za ku iya. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa.

Ya Allah, Ka ji ƙan bawanka Haliru, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ya tsaya tsakanin baiwarka da jifa, Ka tsaya tsakaninsa da azaba. A duniya mun mayar da shi ƙarshen sahu kan laifin da bai yi ba, ya Ubangiji Ka tashe shi a sahun gaba. Amin.