Rabin Sakainar Bitrus

Da can a Jalingo, wanda ba shi da wurin kwana ba shi da wurin ajiye jakarsa, kuma wannan na biyun ya fi wahala. Barci ana yin sa ko'ina, a rumfar kasuwa ko ƙarƙashin babbar mota. Amma da gari ya waye, ina za ka kai kayanka? Babu ɗan kwangilar da zai ɗauki lebura da jaka a kafaɗa. In ka ajiye ta ka tafi neman aiki, ka dawo babu. Yau kuwa in ka bi ta bayan tasha da safe za ka ga mutane suna fitowa daga wani dogon gini hannunsu sake, kowa ya nufi nemansa. Ni na fara wannan wurin. Kuma ni ne mutumin da a da yake kwashe jakunkunan. Ku yara masu tasowa, ku saurara ku ji yadda aka yi.

Ni ɗan mutanen kirki ne. Mahaifina manomi ne, bai taɓa cin ko gyaɗar wani ba. Ina saurayi na shiga bin manyan motoci, na yi shekaru ina yawo: Garwa, Ngaundere, Njamena, Onica, har Kumasi. Allah ya ba ni kunnen harshe. Fulatanci na tashi da shi, Hausa ta kasuwa ce, sannan na tsinci Mumuyanci, Jukunanci, Tibanci, Larabcin Shuwa da ɗan Faransanci. Farkon abin da na ɗauka dabino ne, cikin hannu ɗaya, daga buhun wani fasinja da ya yage. Ba wanda ya gani. Bayan wata guda na taimaka wa wani buhun ya yage. Daga nan sai takalmin da aka manta a mota, wanda na san mai shi, na kuma san garinsu.

Ban taɓa fasa gida ba, ban taɓa fizge ba. Sana'ata ta fi haka muni. In na ga baƙo ya rakuɓe a tasha, sai in saurari bakinsa, in gaishe shi da harshen uwarsa. Mutumin da ya kwana uku ba wanda ya ce masa sannu, in ya ji yarensu a bakinka, ka zama ɗan'uwa. Kafin azahar da kansa zai ce, “Ɗan riƙe mini jakar nan in je in watsa ruwa.” Duk abin da na sata a wannan sana'ar, da hannu biyu aka miƙo mini shi.

Shekarar da aka ƙirƙiro jihar Taraba na dawo Jalingo, don na ji garin ya cika. Ya kuwa cika. Ma'aikatan da aka taso daga Yola suna kwana a ofis, magina da leburori sun zubo daga Zing, Mutum Biyu, Wukari da tsallaken Binuwai, ga gine-gine ko'ina amma babu ɗakin haya. Na yi wata bakwai ina cin kasuwata. Ranar da dubuna ta cika, jakar wani magini Bajukune na ɗauka. Babu komai ciki sai cokalin gini, guduma, igiyar awo da bargo. Ina cikin sayar da cokalin a gefen kasuwa ya dafa kafaɗata. Bai dake ni ba. Cewa ya yi, cikin Jukunanci, “Da wannan nake ciyar da mutum shida.” Alƙali ya ba ni shekara biyu.

Ba zan ba ku labarin gidan yari ba, don ba wurin da ya cancanci hira ba ne. Abu ɗaya zan faɗa. Ranar da zan fita, gandiroba ya shiga wani ɗaki ya fito da ƙunshi ɗauke da lambata. Hulata ce, da takalmina, da agogon da ya daɗe da tsayawa. Shekara biyu an riƙe wa ɓarawo kayansa, ba abin da ya yi ciwon kai. Na tsaya riƙe da hular nan na kasa sa ta.

Na fito ba ni da gida. Dangi sun ce in nemi wani wuri, ban kuma ga laifinsu ba. Na koma tashar nan, wannan karon a matsayin mai kwana, na ɗaure ledar kayana a ƙafa kamar kowa. Kwana arba'in na yi a haka ina dako. Sai na tafi wurin Jauro, wato mai unguwarmu, wani dattijo mai ƙarancin magana, wanda yake da tsohon siton gyaɗa a bayan tasha, rufinsa duk ya yoye. Na ce ya ba ni aronsa in gyara, marasa masauki su kwana a gaba, kayansu su wuni a ƙurya.

Ya dube ni ya ce, “Wa zai riƙe kayan?”

Na ce, “Ni, ranka ya daɗe.”

Ya ƙare mini kallo daga sama har ƙasa. Can ya ce, “Allura ɗaya ta ɓata, zan rufe wurin, in kuma miƙa ka da hannuna.”

Na toshe rufin da gwangwanayen da na buɗe, na share, na shimfiɗa buhuna. Sannan na kawo wata dabara da na gani a wani mashigin kwalekwale a ƙasar Cadi, inda masu kaya ba su iya karatu ba. Mai jaka zai ɗaure abarsa da ƙullin kansa. Ni kuma in karya sakaina gida biyu a gabansa, in huda rabi in rataya a jikin jakar, in ba shi rabi. Duk wanda ya zo karɓa sai bakin sakainarsa ya haɗu da tawa. Babu sakaina, babu jaka, ko uban mai ita ne. A Kumasi na ga ana yi da tikitin takarda, amma takarda tana jiƙewa a aljihun lebura, kuma na san yadda ake buga ta jabu.

Mutane sun zo kwana tun makon farko, don damina ce. Amma ba wanda ya ba ni ko tsinke. Sukan kwanta da jaka a ƙarƙashin kai, su fita da ita da safe. Akwai wani mai shayi a bakin tasha, Hammajo, wanda ya san ni tun ina kan ganiyata. Kullum in zan wuce sai ya ɗaga murya: “Oga manaja! Da kai kake bin jaka, yanzu so kake ta biyo ka har gida. Wannan ci gaba ne.” Masu shan shayi su yi ta dariya. Nakan ce masa ya rage ruwa a madara, in wuce.

Wanda ya fara ba ni ajiya shi ne Bitrus, wani Bamumuye mai faɗin kafaɗa, wanda ya samu aikin ɗaukar kwanon kankare aka ce ya zo ba kaya. Ya dire jakarsa a gabana ya ce, “Baba, an gaya mini ko kai wane ne. In ka sace, ka sace. Ni dai yau zan yi aiki.” Na karya masa sakaina. Da yamma ya dawo ya tarar da ƙullinsa yadda ya bar shi. Washegari jaka huɗu na samu. Kafin kaka, ƙuryar ta cika har na kafa ƙusoshi a bango.

Bayan kamar wata biyar Bitrus ya samu aikin kwana uku a wajen Sunkani, ya bar jakarsa ya tafi. Mako uku babu shi. Sai ga wani mutum ya zo, ya ce sunansa Markus, ƙanen Bitrus ne. Ya ce yayansa ya faɗo daga kan gini ya karya ƙafa, yana kwance wurin mai ɗori a ƙauyensu, ya aiko a karɓo masa jaka. Ya kwatanta ta daidai, har facin da ke gindinta.

Na ce, “Ina sakaina?”

Ya ce, “Wace sakaina? Mutum yana kwance kana tambayata ƙwarya?”

A raina na ce, na san irinka, da haka nake yi. Na hana shi. Ya tafi ya kai ƙara wurin Jauro.

Da la'asar aka kira ni, na zo da jakar a ka. Ƙofar gidan ta cika. Magana ta riga ta zaga cewa na hana ne don na kwashe abin da ke ciki na cusa tsumma. Jauro ya ce, “Abu mai sauƙi ne. Kwance ta a nan, kowa ya gani, ka wanke kanka.”

Ku fahimci inda na tsaya. Hannuna ya san abin da ke cikin jakar nan ba tare da na buɗe ba, tsohon hali ne: akwai rediyo, akwai bargo, akwai wani abu mai tauri kamar sabon yadi. Da na kwance, da an ga komai, da na tafi gida da farar fuska. Amma mutum fiye da ashirin masu jaka a ƙuryata suna tsaye a wurin. In na kwance ƙullin Bitrus yau don in ceci kaina, gobe kowa ya san ƙullinsa yana kwantuwa in an matsa mini. In kuma na ƙi, Jauro ya rufe wurin, su koma ƙarƙashin mota.

Na ce, “Ranka ya daɗe, ba ni na ɗaure ba, ba zan kwance ba. Amma a ba ni kwana biyu in kai wa mai ita da ƙafata.”

Markus ya ce, “Wato ni ɓarawo ne.”

Hammajo ya ce daga baya, “A bar shi ya fita gari da jaka? Ai shi ke nan an yi masa kuɗin mota.” Jauro ya juya ya ce masa, tun da bakinsa ya fi na kowa, shi zai raka mu ya zama shaida. Ya ce in jibi ba mu dawo da magana mai daɗi ba, zai sa wa wurin kwaɗo.

Muka shiga a-kori-kura da safe mu uku, ni da Markus da Hammajo. Daga Sunkani muka taka, muka ƙetare rafi biyu, ruwa har cinya. Jakar tana kaina. Hammajo yana bayana yana haki, yana cewa yau ya yi asarar ciniki saboda ɓarawo mai ka'ida.

Muka tarar da Bitrus a kan tabarma ƙarƙashin mangwaro, ƙafarsa ɗaure da karare. Da ya gan ni da jaka ya fashe da dariya har ƙafar ta motsa ya yi tsaki. Ya ce, “Baba, kwana huɗu ina jiran rediyona.” Markus ƙanensa ne na gaskiya, uwa ɗaya uba ɗaya. Zafin ciwo ne ya sa Bitrus ya manta da sakainar. Ya sa aka ɗauko wandon aikinsa, wanda mai ɗori ya tsaga, ya farke ƙugun, ga ta nan a ɗinke. Na kara ta da tawa. Suka haɗu, ko iska ba ta wucewa.

Bitrus ya so ya bar jakar a ɗaure, Hammajo ya ce bai ƙetare rafi biyu don ya kalli ƙulli ba. Dole ya kwance. Rediyo, bargo, takalmin zuwa coci, sai turmin atamfa sabo fil a ƙasa.

Markus ya ce, “Wannan zani na wa?”

Bitrus ya sunkuyar da kai. Ashe akwai wata mai sayar da kunu a Jalingo da yake nema, ko gidansu bai faɗa ba. Ya dube ni ya ce, “Da ka buɗe a gaban Jauro, da duk tasha ta ji kafin ita.”

Na juya wurin Markus na ba shi haƙuri da Mumuyanci. Na gaya masa gaskiya, cewa na ɗauke shi ɓarawo ne saboda abin da ni na kasance, ba don wani abu da ya yi ba. Ya ce ya ji, amma nan gaba in riƙa kallon mutum da kyau, ai kamanninsu ɗaya da yayansa. Ya yi gaskiya. Hancinsu ɗaya.

Da muka dawo, Hammajo ne ya yi bayani. Ya ce, “Barkama, ranka ya daɗe, jakar a ɗaure take, komai yana ciki. Mutumin nan taurin kai ne da shi kamar jaki, amma ba mu kama shi da komai ba.” Jauro bai yabe ni ba, ba halinsa ba ne. Tambaya ya yi ko mata ma suna zuwa neman wurin kwana. Na ce suna zuwa, ina mayar da su don ɗaki ɗaya ne. Ya ce akwai wani siton a jikin wancan, in je in duba rufinsa.

Ku yara, na ga garuruwa da yawa, na ga inda coci ke ba da masauki, na ga inda masallaci ke bayarwa, na ga inda ba mai bayarwa. Ko'ina mai kwana a waje abu ɗaya yake nema kafin abinci: wanda zai ba wa kayansa ya juya baya. Na yi shekara ashirin ina cin wannan amanar, kuma ban san inda yawancin mutanen suke ba balle in nemi gafararsu. Wannan yana nan a wuyana, ina roƙon Allah a kai kullum. Kada ku fara. In buhun wani ya yage, ku nuna masa ya ɗinke. In aka ce ku riƙe, ku riƙe har mai shi ya dawo, ko da ya daɗe.

Wurin nan yanzu ɗaki huɗu ne, biyu na maza, ɗaya na mata, ɗaya na kaya. Tun daga shekarar nan ba a sake kirana ƙofar Jauro ba, kuma ba a taɓa rufe wurin ko na yini ɗaya ba.