Lorraine Kowalchuk da Gishirin Cokali

Da safiyar Talata, sha huɗu ga Oktoba, ina tsakiyar soya ƙwai a ɗan gidan abincina na garin Thunder Bay a Kanada, 'yata Tessa ta bugo waya tana kuka, ta ce Lorraine Kowalchuk ta rasu bayan doguwar jinya. Na kashe wuta, na nemi kujera.

Lorraine, ni ba marubuci ba ne. Ni da makaranta mun rabu tun da wuri, kuma ba wanda ya yi kewar wani. Amma in na yi shiru a kanki, na yi butulci.

Bayan kin yi ritaya daga rubuta manhajar kwamfuta, sai kika riƙa zama a laburaren unguwa kowace Asabar kina taimakon masu koyo kyauta. Lokacin Tessa na shekarar farko a kwaleji, wani aiki ya tsaya mata a wuya. Ta ɗauko ƙunshin bayanan ɗalibi, da suna da maki, tana so ta canza makin kawai, kwamfuta ta ce sam ba a rubutu a nan. Ta yi ta fama har ta ce kanta irin nawa ne, za ta bar karatu ta dawo kicin ta taya ni. Har na ɗan ji daɗi, don bayana na ciwo. Duk da haka na ja ta zuwa wurinki, ina ta warin albasa.

Kika dubi allon kwamfutar, kika dube ni. "Dwayne, in ka ɗebo miya a cokali ka barbaɗa masa gishiri, tukunya ta ji?"

Na ce, "Wane mahaukaci ne zai yi haka?"

Kika ce, "Ga ta nan, 'yarka. Abin da ta ɗebo kwafi ne, ba shi da mazauni, yanzu za a zubar. Tessa, na'urar ba raina ki take ba, ɓarnar gishiri take hana ki. Ki ba shi mazauni da suna, ki gyara, ki mayar tukunya."

Ta gyara, aiki ya tashi. Ranar na fahimci kwamfuta, ban kuma ƙara ba.

Daga nan kowace Asabar tana gefenki. Ba ki taɓa rubuta mata ko harafi ɗaya ba. Hannuwanki na aljihu, tambaya kawai kike jefa mata har ta gano da kanta. Da na kawo miki kek ɗin tuffa don godiya, kika ce in raba wa ɗalibai, sannan kika cinye rabi.

Tessa ta gama karatu, tana aiki a Toronto, yau ta kamo hanyar gida don jana'izarki. Har yanzu ni kaɗai nake suya, bayana kuma bai daina ciwo ba. Kin raba ni da ma'aikaciya, Lorraine, kuma ba wanda ya taɓa yi mini alheri kamar wannan.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki kurakuranki, ya ba ki hutu. Allah ya ba mijinki Walter da ɗanki Grant haƙuri, da duk waɗanda za su tarar da kujerarki ba kowa ranar Asabar. Amin.

Dwayne Pelletier