Naman Diyya a Kan Tsauni

Ban tabbata zan iya faɗin abin daidai yadda ya faru ba, don shekaru sun ja, kuma yaren mutanen ban taɓa iya shi ba. Abin da na gani zan rubuta, inda kuwa zato nake yi zan faɗa.

A Gumbihini na tashi, cikin Tamale. Na gama karatun aikin gona bayan an sauke tutar Ingila a ƙasarmu da 'yan shekaru, sai aka sa ni cikin wata tawaga da aka tura Papuwa, can gabas mai nisa, inda har lokacin Turawa ke mulki. Aikina shi ne duba wata cuta da ke ruɓar da dankali, wanda shi ne tuwon mutanen tsaunukan. Ranar da zan hau lori, Baba ya riƙe hannuna ya ce, "Ka kula da sallarka, ka kula da abin da kake sawa a baki."

An raba mu ƙauye-ƙauye, nawa ya fi kowanne nisa. Ƙaramin jirgi ya sauke ni a wani fili, daga nan sai ƙafa, cikin kurmin da rana ba ta taɓa ƙasa. A Choggu, can wajenmu a Tamale, mutum kan tsaya ya hango hadari tun yana nesa, har ya kwashe shanya. A kan tsaunin nan kuwa gajimare har cikin ɗaki yake shigowa. Bukkokin ba taga, wuta ba ta mutuwa, kowa tari yake yi saboda hayaƙi, amma idan aka kashe ta sanyi ba zai bar mutum ba. Tsakanin ƙauyen da sauran duniya akwai wani kogi a ƙasan kwazazzabo, da gada ta igiyoyin kurmi da aka saƙa.

Tafintana mutumin ƙetaren kogin ne. Ya taɓa aiki a gonakin Turawa a bakin teku, ya iya Turancin buroka, da shi muke magana. Shi ya ɗauko jakata ya haye da ni gadar, kuma daga baya na gane cewa a lissafinsu wannan ya mai da ni ɗan danginsa. Yana zaune a ƙauyen tudu, inda aka ajiye ni, shi da matarsa saboda aikina kawai, ga shi tsakanin dangin biyu akwai jini. Kafin zuwana wani ɗan'uwansa ya kashe mutumin tudu a rigimar alade da ya yi ɓarna a gona. Baturen rangadi ya zo ya hana yaƙi, ya ce a biya diyya, ya tafi abinsa. Shi kuwa ba ya dawowa sai an manta da kamanninsa. Gadar dangin biyu ke gyara ta tare, kuma tun kisan ba wanda ya taɓa ta. Igiyoyin sun yi baƙi, wasu sun fara tsinkewa.

Uwar mamacin takan wuce ƙofata da safe, jikinta shafe da farar laka. Yatsu biyu na hannunta guntaye ne. Tafinta ya ce ita ta sa aka sare su don makoki. Ban sake tambaya ba.

Ranar diyya mutanen ƙetare suka kawo aladu. Aka gasa su a rami da duwatsu masu zafi, aka rufe da ganyen ayaba. Na zauna can gefe, ina ganin ba abin da ya shafe ni. Yayan mamacin, wani dogo mai ƙashi a hanci, shi ke rabo: ya ɗaga yanki, ya kira mutum, mutumin ya zo ya karɓa. Haka dangin biyu ke shaida cewa magana ta ƙare. Can sai na ga ya nufo ni da wani yanki mai kitse a hannu biyu.

Ban yi tunani ba. Na miƙe, na mai da hannuwana baya, na ja da baya.

Yayan mamacin ya daɗe a tsaye yana kallona, sannan ya juya da naman.

Washegari matan da ke ajiye mini dankali a ƙofa ba su zo ba. Yaran da ke bina gona su ma shiru. Da na wuce ɗakin maza, inda mazan ƙauyen ke taruwa, sai na ga suna zaune a bakin wuta suna miƙe kibau, a hankali, ba hira. Mai yiwuwa shirin farauta ne, haka na faɗa wa kaina. Amma da hantsi na ga matar tafinta da jariri a cikin ragar da ta rataya a goshi, tana sauka wajen gada ita kaɗai.

Na same shi yana zaune a bayan bukkarsa.

"Ina matarka za ta?"

"Gida. Ita ba ta da nauyi, gada za ta ɗauke ta."

"Kai fa?"

"Ni? Ni ne canjin da aka bari." Ya yi dariya maras daɗi. "Malamin dankali, kai yanzu mutumin danginmu ne, ka ƙi nama a gaban kowa. Wato danginmu sun ce ba a gama ba. Idan ba a gama ba, a kan wa za a gama? Kai na gwamnati ne, ba mai taɓa ka."

Na ce addinina ya hana ni ci, ko kashe ni za a yi.

"Wa ya ce ka ci? Kawuna ba haƙori a bakinsa, ka ga ya ci? Karɓa ake yi, ɗan'uwa. Ka karɓa, ka kai wa naka. A ƙasarku ba a haifi mutane da hannu ba?"

Na tambaye shi me ya sa bai gaya mini tun farko ba. Ya ce bai taɓa ganin baligin da bai san wannan ba.

Naman yana nan. Sun rataye shi a kan wani turke a ƙofar ɗakin maza, inda kowa zai gani, ƙudaje sun rufe shi. Na koma ɗaki ina ta juya abin a raina. Ɗauka ba ci ba ne, wannan na sani. Amma ko ɗaukar ta halatta, ban sani ba, kuma malamin da ya fi kusa da ni yana bayan teku. Na yi azahar, ban ji wata amsa ba. Sai na tuna mazan nan da kibansu, na tashi.

Na yanki ganyen ayaba, na je na tsaya gaban yayan mamacin, na miƙa hannu biyu. Bai yi sauri ba. Ya gama ɗaure kibiyar da ke hannunsa tukuna, sannan ya sauko da naman ya ɗora mini. Warin ya kusa kayar da ni.

Dole in kai shi ƙetare da kaina. Mazan suka biyo ni har bakin kwazazzabo, da bakunansu, tafinta a tsakiyarsu. Na hau gadar, hannu ɗaya riƙe da igiya, ɗaya rungume da ƙunshin a ƙirji. A tsakiya wata igiya ta tsinke a gefena, gadar ta karkata, ruwan na ruri a ƙasa. Abin da ya fi tsorata ni a lokacin, in na tuna daidai, shi ne kada ƙunshin ya suɓuce, don ban san yadda za su fassara faɗuwarsa ba. Na ƙarasa da rarrafe. Tsohon kawun nan mara haƙori ya karɓa, ya ɗaga sama don na tudu su gani.

Na sauka bakin ruwa na wanke hannuwana da ƙasa, na wanke rigar, na daɗe a wurin.

Bayan 'yan kwanaki na ga mazan dangin biyu suna janyo sababbin igiyoyi daga kurmi. Matar tafinta ta dawo da jaririnta, dankali ya dawo ƙofata. Kibau dai ban ga an karya ko ɗaya ba, an shigar da su ciki ne aka soke a jinka. Har na bar ƙauyen, tafinta bai sake kwana da ƙofarsa a buɗe ba, kuma duk safiya uwar mamacin, da lakarta, takan tsaya a gaban bukkarsa na ɗan lokaci kafin ta wuce gona.