Zaman Makokin Hifni

Abul Wafa Abdul Radi yana da shekara hamsin da takwas, kuma gyaran injin ban ruwa ne sana'arsa. Rumfarsa tana bayan gonakin rake, a wani ƙauye da ke yamma da kogi a lardin Ƙina. Da hantsi na same shi, ya kwance wani inji ya jera sassansa a kan buhu. Injin daga wani gari aka kawo shi. Mutanen ƙauyensu sun gwammace su ɗora nasu a amalanke su yi tafiyar kilomita tara da su tsaya a ƙofarsa. Shekara goma sha biyu ke nan ana haka.

Su uku mahaifiyarsu Nabawiyya ta haifa: shi, da ƙaninsa Hifni, da autarsu Fahima. An harbe Hifni a bakin magudanar ruwa a lokacin saran rake, bayan gardama a kan wanda zai fara shayar da gonarsa. Wanda ya harbe shi ɗan gidan Hammam ne, ya miƙa kansa ga hukuma a ranar, aka yanke masa ɗaurin shekara ashirin da biyar. Wannan bai dami kowa ba a ƙauyen. An binne Hifni ba a buɗe zauren dangi ba, ba a jera benci ba, ba a ɗora shayi ba. Duk wanda ya zo da niyyar ta'aziyya sai a tare shi a hanya a ce masa lokaci bai yi ba. A nan ba a karɓar gaisuwar wanda aka kashe sai an ɗauki jininsa.

Hifni 'ya'ya mata ya bari, saboda haka nauyin ya faɗo kan Abul Wafa. Baffansu Dardir, wanda shi ne babban gidan, ya kira shi zaure bayan kwana arba'in. Ya ajiye bindiga a kan tabarma, ya faɗi suna. Ba na wanda ke kurkuku ba ne. Sunan Ra'afat ne, likitan dabbobi, mutumin da gidan Hammam suka fi alfahari da shi.

"Baffa, ai Ra'afat yana can birnin Asyut ranar," in ji Abul Wafa.

"To, sai me? Su sun zaɓi mafi lalacewa a cikinmu ne da suka ɗauki Hifni?"

"Shi ya zauna da saniyarmu kwana biyu da haihuwa ta gardama mata."

"Sai ka kai masa madara bayan ka gama." Dardir ya tura bindigar da ƙafa. "Ɗauki. Ko sai na aika a kira Fahima ta ɗauka, kai ka karɓi tsintsiyarta?"

Ya ɗauka. Wata bakwai tana cikin rumfarsa a naɗe da buhu. A cikin watannin nan ya je wajen malamai uku, dukansu a wasu garuruwa, don limamin ƙauyen ɗan gidansu ne kuma yakan kawar da kai idan an taɓo maganar. Duka ukun sun ce masa haram ne a kashe wanda bai kashe ba. Na ukun ya ƙara da cewa, "Amma ni ba a garinku nake kwana ba."

Ya yi istihara sau bakwai. Na tambaye shi abin da ya gani.

"Ban ga komai ba," ya ce, yana goge wani ƙarfe da tsumma. "Mutane suna cewa suna ganin kore, suna ganin ruwa. Ni barci kawai nake yi in tashi. Sai dai duk lokacin da na ɗaga hannu zan yi kabbara, sai in tuna da wannan hannun ne zan harbi mutum."

A gida kuwa mahaifiyarsa ta rataye rigar da aka kashe Hifni a cikinta a jikin ƙusa, daidai inda Abul Wafa yake zama ya ci abinci. Kowace safiya takan ajiye masa gurasa da wake ta tambaye shi, "Yau ne?" Yakan ce, "Inna, ki yi haƙuri." Ita kuma ta ce haƙurinta yana maƙabarta.

Wata Laraba ya mayar wa Dardir bindigar. Washegari ya nemi makullin zauren dangi, aka hana shi. Sai ya yi hayar benci goma sha huɗu daga wani gari, ya jera su a ƙofar gidansu, ya ɗauko wani makaho mai karatun Alƙur'ani daga tsallaken kogi, matarsa ta wanke kofuna sittin. Ya sa farar riga ya tsaya a bakin layin, inda mai karɓar gaisuwa ke tsayawa. Kowa ya fahimci abin da jera bencin ke nufi. Ya yafe jinin ke nan, a gaban jama'a, kuma babu hanyar janyewa.

Mutane sun fito, amma daga nesa suka tsaya, wajen mai shayi.

"Abul Wafa, biki ake yi?" in ji wani. "Wa ka aurar?"

"Gashin bakinsa ya aurar," wani ya amsa. "Ka ga ai na maza ne, ba ya buƙatarsa."

"Ku bar shi, waliyyi ne. Gobe ma gina masa ƙubba mu riƙa kawo awaki."

Mutum ɗaya ne ya zauna a ranar farko, wani mai tallan tuluna da ya biyo da jakinsa bai san garin ba. Ya ji karatu, ya sauka, ya kama hannun Abul Wafa ya yi masa gaisuwa yadda ake yi, ya sha shayi. Da ya ga shi kaɗai ne a kan benci goma sha huɗu, ya waiga ya ga idanun da ke kallonsa, sai ya ajiye kofin da saura ya kama hanya.

A rana ta biyu da la'asar Nabawiyya ta fito. Tana da shekara saba'in a lokacin. Ta bi bencinan ɗaya bayan ɗaya tana kifar da su, makahon yana ta karatu don bai san abin da ake yi ba. Da ta gama ta tsaya a gaban ɗanta.

"Namiji ɗaya na haifa," ta ce. "Yana ƙasa."

Ya tayar da bencinan, ya cika kwana ukunsa. Babu wanda ya ƙara zama.

Abin da ya biyo baya ba shi da yawa, kuma a hankali ya zo. Nabawiyya ta koma gidan Fahima da rigar. Wanda zai auri babbar 'yar Abul Wafa ya aiko a karɓo masa zobensa, daga baya ta auri wani direba a Aswan, ba ta cika zuwa ba. A masallaci ana barin gurbin mutum ɗaya tsakaninsa da na kusa da shi. Gidan Hammam ma ba su zo godiya ba, don zuwan zai zama kamar sun yarda suna jin tsoro. Ra'afat ya nemi canjin wurin aiki ya tafi arewa. Babu wanda aka sake kashewa, kuma ban ji wani a ƙauyen ya ambaci haka a matsayin alheri ba.

Abul Wafa abu ɗaya ya nema a shekarun nan, mahaifiyarsa ta yi masa magana. Kowace Juma'a bayan salla yakan kai maganin ciwon sukarinta da rake mai laushi gidan Fahima, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin ya yi sallama. Takan juya fuska bango. Fahima ta gaya mini cewa raken tana sha, idan an ce mata daga kasuwa aka sayo.

"Na san kisa haram ne, wannan ba na shakka," ya ce mini. "Amma fushin uwa fa? Na guje wa wuta ɗaya, ban sani ba ko cikin wata na faɗa. Na sake komawa wajen malamin nan na uku. Ya ce ba a bin iyaye a saɓa wa Allah. Na ce na sani. Na ce to ya zan yi da Juma'a?"

Bara da rani jikinta ya tsananta. Idanunta sun riga sun tafi, hankalinta yana zuwa yana komawa. Fahima ta aiko masa da azahar cewa ya zo yanzu. Wannan karon ya wuce bakin ƙofa, ya durƙusa a gefen gadon. Tsohuwar ta lalubo kansa, ta shafa goshinsa da kunnuwansa da gemunsa.

"Ka daɗe," ta ce.

"Na daɗe, Inna."

"Hannunka duk baƙin mai. Ka ci abinci?"

"Na ci."

"Allah ya yi maka albarka, Hifni. Allah ya yarda da kai duniya da lahira. Kai ba ka taɓa ɓata mini rai ba."

Fahima ta buɗe baki za ta gyara, ya ɗaga mata hannu. Ya ce amin. Ya zauna a wurin tana riƙe da wuyan rigarsa har barci ya ɗauke ta. Ta rasu kwana biyu bayan haka ba ta sake gane kowa ba.

An yi zaman makokinta a zauren dangi, garin duka ya zo. Abul Wafa ya tsaya a farkon layi tunda shi ne ɗanta. Yawancin masu shigowa sun fara miƙa hannu ne daga Dardir, wanda ke tsaye na biyu.

Da na tashi tafiya ya riga ya haɗa injin, ya ja igiya, injin ya tashi a ja na uku. Ya bar shi ya yi ƙara kaɗan sannan ya kashe. Ya ce tunda ni mai yawo ne ina haɗuwa da masu ilimi, in tambayar masa abu ɗaya. Addu'ar nan kansa aka dafa aka yi ta, shi ya ce amin, amma sunan ba nasa ba ne. Yana son ya san wa aka rubuta wa.

Na ce masa zan tambaya. Ya gyaɗa kai, ya jawo inji na gaba.